GADAR DUTSE TA THOMAS, WADDA AKA CE BA ZA TA TSAYA BA

Ina so in ba ku tarihin wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ke ƙasar Amurka, wadda aka gina da dutse a kan wani kogi tun shekarar 1835, har yau kuwa jirage na bi ta kanta. Amma kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi abin da ya sa ɗan ƙauye kamata, wanda bai taɓa fita ƙasar waje ba, ya damu da gadar wasu mutane.

Tsakanin ƙauyenmu da babban titi akwai wani rafi. Da rani ba ka ganin komai cikinsa sai yashi, amma da damina yakan cika ya batse, har babban mutum ba ya iya ratsa shi da ƙafa. Shekara huɗu kafin daminar bara aka yi mana gada a kansa. Ranar buɗe ta an yi kiɗa, an yi jawabai, tsofaffi sun sa albarka. To, a ƙarshen watan Agustan bara aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye muka je bakin rafi, sai muka tarar rabin gadar ya tafi, sauran rabin ya karkace yana kallon ruwa.

Wannan ya faru ana saura kwana kaɗan mu komo makaranta. Sai da ruwa ya ɗan ja, sa'an nan 'yan fito suka ƙetarar da ni a kan gora, akwatina a kan wani. Akwatin ya sha ruwa, littattafaina suka manne da juna, na kuma iso makaranta a makare da kwana uku. Nawa ma ƙarami ne. Ɗanyar masarar da Baba ya karya don kai wa kasuwa ta bushe a zaure, don ba motar da za ta shigo. Wata maƙwabciyarmu da haihuwa ta zo mata da gardama, a kan amalanke aka zagaya da ita ta wata doguwar hanya kafin a sami mota. Allah ya sa an kai ta asibiti da sauran kwana.

Da na gaya wa Malaminmu na Labarin Ƙasa dalilin makarata, sai na ƙara da cewa, "Malam, ai ruwa ya fi ƙarfin gini, ba yadda za a yi." Bai ce mini komai ba. Bayan an tashi sai ya kira ni laburare, ya nuna mini hoton wata doguwar gada ta baƙin dutse, jirgi na wucewa a samanta. Ya ce, "Ka ga wannan? Ta girmi kakan kakanka, ruwa kuma ya gwada ta ba sau ɗaya ba. Je ka bincika, ka rubuto mana abin da ya tsayar da ita." Abin da na samo ke nan nake gabatar muku.

INDA GADAR TAKE

Sunanta Gadar Thomas. Tana cikin jihar Maryland a gabashin Amurka, kusa da birnin Baltimore, a kan hanyar jirgin da ta nufi Washington, babban birnin ƙasar. Ta ƙetare kogin Patapsco da kwarinsa, tsakanin wasu ƙananan garuruwa biyu, Relay da Elkridge.

Tsawonta ƙafa 612 ne, wato kimanin mita 187, kusan filin ƙwallo biyu ke nan idan an jera su. Daga fuskar ruwa zuwa inda dogo yake ƙafa 59 ne, wajen mita 18, kamar bene mai hawa biyar ko shida. Faɗinta a sama ya ɗan haura ƙafa 26, ya ishi layin dogo biyu. Tana da baka takwas, kowane ɗaya faɗinsa wajen ƙafa 58. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ba a miƙe take ba, a lanƙwashe aka gina ta, kamar lauje mai buɗaɗɗen baki.

An fara aikin ran 4 ga Yuli, 1833, aka gama ran 4 ga Yuli, 1835, shekara biyu cif. Domin mu gane daɗewar abin, a lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ke mulki a Sakkwato, Ibrahim Dabo kuma yana sarautar Kano. Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wannan gada ta riga ta yi shekara 76 tana aiki.

DALILIN GINA TA

Ruwa ba ya tsami banza. Tsoron mutuwar kasuwa ne ya haifi wannan hanyar jirgi. Baltimore gari ne na bakin teku, arzikinsa ya dogara ga fatauci. Alkama da sauran amfanin gona sukan zo daga ƙasashen yamma, bayan duwatsun Allegheny, a kan kekunan dawaki, a loda su a jiragen ruwa. Sai ga shi a 1825 mutanen New York sun gama haƙa wata doguwar hanyar ruwa mai suna Erie, mai tsawon mil 363, wadda ta haɗa su da manyan tafkunan arewa. Nan da nan kuɗin dakon kaya ta can ya faɗi warwas, fatake suka fara juya wa Baltimore baya.

Attajiran Baltimore suka ga in suka zauna, gari zai mutu suna kallo. A farkon 1827 suka taru suka yi shawara, suka ce tun da ba su da hanyar ruwa, bari su gwada sabon abin nan da aka fara a Ingila, wato hanyar dogo. Suka kafa kamfani mai suna Baltimore da Ohio, ana ce masa B&O a taƙaice, da nufin kai dogo har kogin Ohio. Shugabansa na farko wani ɗan kasuwa ne mai suna Philip E. Thomas, shi ne aka sa wa gadar sunansa daga baya. Ran 4 ga Yuli, 1828, aka aza harsashin hanyar. Wanda aka ba wannan girma wani dattijo ne ɗan shekara 90, Charles Carroll, shi kaɗai ya rage da rai cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776.

A watan Mayu na 1830 aka buɗe mil 13 na farko, daga Baltimore zuwa wani gari da ake kira Ellicott's Mills a lokacin. Kada ku zaci injin ne ke jan taragun. Dawaki ne! A tsakiyar hanya akan kwance waɗanda suka gaji a ɗaura wasu, daga nan ne wurin ya sami sunansa Relay, wato inda ake canjin dawaki. Ba a daɗe ba injin tururi ya karɓi aikin.

Da kamfanin ya ga hanya ta kama, sai ya yanke shawarar fitar da reshe zuwa Washington, tafiyar kimanin mil 40. Reshen zai rabu da babban layi a Relay ya nufi kudu. Amma daidai nan kwarin Patapsco ya gitta, mai zurfi da faɗi. Jirgin ƙasa kuwa ba jaki ba ne, ba ya gangarawa kwari ya haura tudu yadda ya ga dama. Dole hanyarsa ta kasance kusan a shimfiɗe. Saboda haka ba makawa sai an ɗaga masa hanya daga wannan tudu zuwa wancan.

SAURAYIN DA YA ZANA TA

Wanda aka ɗora wa zanen gadar shi ne Benjamin Henry Latrobe ƙarami. An haife shi a ƙarshen 1806, ke nan shekarunsa 26 kacal sa'ad da aka fara aikin. Mahaifinsa, wanda suke suna ɗaya, shahararren mai zanen gine-gine ne, yana cikin waɗanda suka tsara ginin majalisar dokokin Amurka, amma ya rasu a 1820 tun ɗan yana yaro. Shi ɗan kuwa aikin lauya ya fara koya. Daga baya ya bar shi ya shiga kamfanin B&O yana awon hanya, ya koyi aikin injiniya a bakin aiki da kuma cikin littattafai. Ɗan kwangilar da ya yi ginin kuma sunansa John McCartney, mutumin jihar Ohio.

Babbar matsalar da ta fuskanci Latrobe ita ce lanƙwasa. Yadda tuddan biyu suke, dogo ba zai iya ƙetarewa a miƙe ba, sai ya yi kwana a kan gadar kanta. Ba a kuwa taɓa gina gadar jirgi ta dutse mai baka da yawa a kan kwana ba a ƙasar. Dabarar da ya yi ita ce, ya sa ginshiƙan su ɗauke kwanar. Kowane ginshiƙi aka yi shi da kauri ta wajen kwanar, ya tsuke kaɗan ta ciki, kamar yankan kankana. In ka jera yankan kankana gefe da gefe za ka ga layin yana lanƙwashewa da kansa. Haka gadar ta juya sannu sannu, ba tare da an murɗe ginin ba.

Dutsen da aka yi aiki da shi irin mai taurin nan ne na duwatsun Kufena a Zariya, an kuma fasa shi ne a cikin kwarin kogin. Abin da aka zuba ya haura tan 50,000, aikin ya ci kimanin dala 142,000, kuɗi masu yawan gaske a wancan zamani. Ba tifa, ba katafila, ba injin ɗaga kaya irin na yau. Da guduma da igiya da ƙarfin dawaki da na mutane aka sassaƙe kowane dutse aka ɗora shi a mazauninsa. Yawancin leburorin wannan layi baƙi ne 'yan ci-rani daga ƙasashen Ailan da Jamus, aikin kuwa ba daɗi. A ƙarshen 1834 rikici ya ɓarke a kan layin, har aka kashe wasu shugabannin aiki, sai da aka kira sojoji.

YADDA BAKA KE ƊAUKAR NAUYI

Nan ne na fi shan wahalar fahimta, sai da Malamin Kimiyya ya taimake ni. Ya ce dutse yana da hali biyu. In ka danne shi, yana iya ɗaukar nauyin da ba ka zato. Amma in ka shimfiɗa shi dogo tsakanin ginshiƙi biyu ka hau tsakiyarsa, sai ya tsage daga ƙasa ya karye, don ba ya jure lanƙwasa. Ya ɗauko alli ya tsayar da shi a kan tebur ya danna da tafin hannu, bai karye ba. Ya kwantar da shi a kan littafi biyu ya taɓa tsakiyarsa da yatsa ɗaya, sai ƙaras! Ya ce to aikin mai gina gadar dutse shi ne ya tsara ta yadda kowane dutse danne shi kawai za a yi.

Abin da baka ke yi ke nan. Da farko kafintoci sukan haɗa wani katako mai siffar bakan gizo tsakanin ginshiƙi biyu. Magina su riƙa jera duwatsu a kansa daga dama da hagu suna hawa. Kowane dutse an sassaƙe shi da faɗi ta sama, a tsuke ta ƙasa. In an zo tsakiya sai a saka na ƙarshe, wanda ke kulle sauran. Daga nan a cire katakon. Kowane dutse yana son faɗowa, amma ba hanya, don na kusa da shi ya tare shi, shi ma na kusa da shi ya tare shi, har nauyin ya gangara cikin ginshiƙi ya shiga ƙasa. In jirgi ya hau, maimakon duwatsun su rabu, sai ma su ƙara matsuwa da juna.

Akwai sauran magana. Baka yana tura ƙafafunsa waje, kamar mutumin da ya ɗauki kaya ya buɗe ƙafa. A gada mai baka takwas, kowane baka yana tura maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma yana turo shi, sai ƙarfin ya yi daidai. Na farko da na ƙarshe kuwa suna jingine da manyan gine-ginen da aka kafa a jikin tudu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka dutse ɗaya ba ya zama gada.

Siffar baka ba baƙuwa ba ce gare mu. Wajen wannan zamanin ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da manyan bakunansa. Sai dai namu da azara ake ɗaure su a lulluɓe da ƙasa, nasu kuwa duwatsu ne ke riƙe da juna.

"WAUTAR LATROBE"

Tun ana cikin aikin mutane suka fara surutu. Wasu suka ce gada mai wannan girma, a kan kwana, wadda yaro ya zana, nauyin kanta ma zai rusa ta kafin jirgi ya hau. Har suka laƙaba mata suna, suna ce mata Wautar Latrobe. Aka ci gaba da aiki. Aka cire katakai, baka takwas suka tsaya. A watan Agusta na 1835 aka buɗe hanyar Washington, jirage suka ƙetare da manyan baƙi lafiya lau. A lokacin ba gadar jirgi da ta kai ta girma a duk ƙasar.

Kawunan jiragen da suka fara hawanta ƙanana ne, ba su kai tan 10 ba. Na yanzu masu shan man dizal, ɗaya yakan kai wajen tan 200, yana jan taragu masu yawa cike da kaya. Latrobe bai taɓa ganin irinsu ba, don ya rasu a 1878, amma gadarsa tana ɗaukarsu. Shi kansa ya zama babban injiniyan kamfanin, shi ne kuma ya kai dogon har bakin kogin Ohio a garin Wheeling, aka buɗe hanyar a farkon 1853.

McCartney, don murnar gama aiki, ya kafa wani dogon dutse mai tsawon ƙafa 15 a gefen gadar, aka rubuta sunayen shugabannin kamfani da na injiniya da nasa. Leburorin da suka fasa dutsen suka ɗora shi kuwa, gadar ce kaɗai shaidarsu.

ABUBUWAN DA TA GANI

A 1844 Samuel Morse ya ja wayar tangarahu ta farko tsakanin Washington da Baltimore, ya bi da ita gefen wannan layin dogo. Ran 24 ga Mayu na shekarar aka aika da saƙon farko, ya isa cikin ƙiftawar ido, tafiyar da jirgi ke yi cikin sa'o'i.

A 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka tsakanin jihohin arewa da na kudu, a kan maganar bauta da ɓallewa daga ƙasa. Jihar Maryland tana tsakiya. Akwai bayi a cikinta, mutanenta da yawa kuma zuciyarsu na tare da kudu. A lokacin wannan layi shi kaɗai ne hanyar jirgin da ta shiga Washington daga arewa. Ke nan duk wanda ya karya Gadar Thomas ya yanke wa babban birni sojoji da abinci da wasiƙu. Don haka a watan Mayu na 1861 sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Benjamin Butler suka mamaye Relay, suka girke igwa a kan tudu, aka yi ta gadin gadar har yaƙi ya ƙare a 1865. Shugaba Abraham Lincoln ta kanta ya wuce cikin dare a watan Fabrairu na 1861 sa'ad da zai je karɓar mulki. Ta kanta kuma aka wuce da gawarsa a watan Afrilu na 1865 bayan an harbe shi.

Amma babban abokin gabarta ruwa ne. A watan Yuli na 1868 kogin Patapsco ya yi wata mummunar ambaliya, ya share gidaje da masana'antu da gadoji, mutane da dama suka halaka. Akwai wata gadar jirgi ta dutse a sama da ita a kan kogin, mai suna Patterson, wadda aka gina a 1829. Ruwa ya rusa ta, baka ɗaya kawai ya rage. Gadar Thomas ta tsaya. Bayan shekara 104, a watan Yuni na 1972, wata mahaukaciyar guguwa da aka sa wa suna Agnes ta kawo ruwa mai yawan gaske, kogin ya sake yin ɓarna, ya kwashe hanyoyi da dogo a cikin kwarin. Da ruwa ya janye, gadar na nan inda take.

Labarin gadar Patterson ya koya mini cewa ba dutse kaɗai ne sirrin ba, tun da ita ma da dutse aka yi ta. A ganina abu uku ne suka taimaki Gadar Thomas. Na ɗaya, tana da tsawo, bakunanta kuma masu faɗi ne, ruwa yana samun hanyar wucewa da duk itatuwan da ya kwaso. Na biyu, an yi ta da nauyi da ƙarfin da ya wuce bukatar ranar da aka gina ta. Na uku, ba a yi watsi da ita ba. A 1929 an bi tsakanin duwatsunta an sake liƙe su, wajen 1937 da 1938 kuma aka sake yi mata babban gyara. A 1964 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa. Kamfanin B&O kansa ya narke cikin wani mai suna CSX a 1987. Wato gadar ta binne wanda ya zana ta, da waɗanda suka yi mata dariya, har da kamfanin da ya biya kuɗinta. Yau jiragen kaya na CSX da jiragen fasinja masu kai ma'aikata tsakanin Baltimore da Washington suna bi ta kanta.

ABIN DA KAKA YA CE

Da aka ba da hutun ƙarshen zango na koma gida da hoton gadar. Kakana tsohon magini ne, ya yi shekaru yana ɗora soraye kafin ƙarfi ya ƙare. Na nuna masa, na kwashe labarin duka na gaya masa, ina ta alfahari da sabon ilmina. Ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan boko, sai da ka je Amurka a takarda kafin ka san wannan? Ɗauko mini sandata."

Muka gangara rafi, lokacin ruwa ya ƙafe. Ya nuna mini gindin ginshiƙin da ya faɗi, ya ce in duba zurfinsa. Ko ƙuguna bai kai ba, a kan yashi kuma aka ɗora shi. Ya ɓantari kankaren da ƙarshen sandarsa, sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Siminti ya yi tafiya, ya bar yashi yana gadi." Ya nuna mini ƙofofin da ruwa ke bi, ya ce tun ranar da ake ginin ya gaya wa masu aikin cewa sun yi ƙanƙanta, don shi ya san inda ruwan rafin nan ke kaiwa a shekarar da damina ta yi ƙarfi, amma ba wanda ya saurari tsoho.

Na ce, "Ashe duk laifin ɗan kwangila ne, Kaka."

Ya dube ni ya ce, "Nasa daban. To wannan ramin fa, wa ya haƙa?"

Na yi shiru, don na san ramin. Kowane hutun rani ni da abokaina mukan ɗebi yashi daidai gindin gadar muna loda wa masu jakuna, a ba mu 'yan kuɗi. Nan ne ya fi kusa da hanya, shi ya sa muka zaɓe shi. Ba mu taɓa tunanin muna tone wa gadar ƙafa ba. Ƙofofin kuma duk shekara sukan toshe da kara da shara, kowa ya wuce ya ce aikin hukuma ne. Ashe da hannuna a cikin jiƙewar littattafaina, da asarar masarar Baba, da wahalar maƙwabciyarmu. Ran nan na koma gida jikina a sanyaye.

KAMMALAWA

'Yan'uwana ɗalibai, cikinmu ne za a sami injiniyoyin gobe, da 'yan kwangila, da ma'aikatan da za su sa hannu a takarda su ce aiki ya yi kyau a biya. Ranar da aka buɗe gada, mai kyau da marar kyau duk fenti ɗaya gare su, ba mai iya bambancewa. Sai ruwa ya zo ake sanin abin da aka binne a ƙasa, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Latrobe yana da shekara 26 aka yi masa dariya. Bai tsaya jayayya ba, ya yi lissafinsa daidai, maginansa suka sassaƙe dutsensu daidai, waɗanda suka gaje su kuma suka riƙa gyara. In Allah ya kai mu 2035, gadar za ta cika shekara 200.

Iyayenmu kuma ina roƙonku, da ladabi, in ɗanku ya nuna sha'awar gini ko kafinta ko awon ƙasa, kada a ce masa aikin waɗanda suka kasa karatu ne. Gada ba ta tsayawa sai mai lissafi da mai guduma sun haɗu, sai kuma an saurari tsohon da ya san halin rafin.

Mu a ƙauyenmu an yi taro a ƙofar Maigari bayan girbi. An hana ɗiban yashi kusa da mashigi, an kuma sa samari su riƙa share hanyar ruwa kafin kowace damina, ni ma an rubuta sunana. Dattawa sun kai kuka a sake mana gadar, sun kuma roƙa in za a haƙa harsashi a bar Kaka ya zauna a wurin da sandarsa. Har yanzu dai ta cikin yashi motoci ke ratsawa, damina kuwa tana tafe.

Allah ya ba mu ikon yin aiki tsakani da Allah, ko ana ganinmu ko ba a gani, amin.